Zai Sake Kuwa? Yadda Masana Ke Auna Haɗarin Mutum

A jihar Texas ta Amurka, kafin a yanke wa wanda ya yi kisa hukuncin kisa, doka ta ce sai mutum goma sha biyun da ke taya alƙali shari'a sun amsa wata tambaya: shin akwai yiwuwar wannan mutum zai sake aikata ta'asa, ya ci gaba da zama barazana ga jama'a? Abin da ya riga ya yi an gama da shi, gobensa ake tambaya. Amsar da suka bayar ita ke raba ɗaurin rai da rai da allurar mutuwa.

A 1978 aka gurfanar da wani mai suna Thomas Barefoot bisa harbe ɗan sanda. Da aka same shi da laifi, masu gabatar da ƙara suka kira likitocin ƙwaƙwalwa biyu su yi magana a kan gobensa. Ɗaya daga ciki shi ne James Grigson, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa suna Likitan Mutuwa, domin ya ba da shaida a shari'o'in kisa sama da 150, kuma kusan duk inda ya buɗe baki hukuncin kisa ne ke biyo baya. Grigson bai taɓa zama da Barefoot ba, ko gaisawa ba su yi ba. Lauya ne ya karanta masa siffofin wani mutum, ya ce me ka gani, shi kuma ya ce ɗari bisa ɗari, babu ko tantama, irin wannan mutum zai sake.

Maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1983. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar da kanta ta rubuta wa kotu cewa kada a yarda da irin wannan shaida, domin idan 'ya'yanta suka ce mutum zai yi ta'asa nan gaba, sau biyu cikin uku kuskure suke yi. Wato masu sana'ar sun ce ba su iya ba. Duk da haka alƙalai shida cikin tara suka ce a ci gaba da sauraron su, suna ganin lauyan wanda ake tuhuma zai iya tona rauninsu da tambayoyi. Mai shari'a Harry Blackmun yana cikin ukun da suka ƙi, ya ce idan ran mutum ake magana, shaidar da ta fi yawan kuskure a kan daidai ta wuce gona da iri. An kashe Barefoot a watan Oktoban 1984.

Wanda ya fi tsaya mini a rai cikin waɗanda Grigson ya yi wa shaida shi ne Randall Dale Adams. An tuhume shi da kashe ɗan sanda a birnin Dallas a 1976. Ba shi da tarihin laifi ko ɗaya. Grigson ya ɗan gana da shi, ya shiga kotu ya ce mutum ne marar imani wanda zai sake kisa idan aka bar shi. Saura kwana uku a kashe shi aka dakatar da hukuncin. Daga baya ta bayyana ba shi ya yi kisan ba ma tun farko, aka sake shi a 1989 bayan ya haura shekara goma sha biyu a tsare, ya rayu har 2010 ba a sake jin sunansa a wata ta'asa ba. A 1995 ƙungiyar likitocin ta kori Grigson saboda yanke hukunci a kan mutanen da bai bincika ba da kuma iƙirarin tabbas ɗari bisa ɗari.

Na fara da mafi munin misali ne don a ga girman abin da ke kan mizani. Amma wannan tambaya ba a kotunan Texas kaɗai take ba. Alƙalin da zai ba da beli yana yin ta. Kwamitin da zai yi wa fursuna sakin talala yana yin ta. Likitan da zai sallami mai taɓin hankali yana yin ta. Uwar da 'yarta ta yo yaji da kumburarren ido, aka zo biko, ita ma ita take yi a zuci. Akwai wani reshe na ilimin halayyar ɗan Adam da ke aiki da kotuna da gidajen yari, kuma babban aikinsa a yau shi ne neman hanyar amsa ta ba tare da duba ko shaci-faɗi ba.

Abin da ya fara girgiza masana ya faru ne a New York. Wani fursuna mai suna Johnnie Baxstrom ya gama wa'adinsa a 1961, amma aka ci gaba da riƙe shi a Dannemora, asibitin masu laifi da ke da taɓin hankali, don likitoci sun ce yana da haɗari. A 1966 Kotun Ƙoli ta ce an tauye masa haƙƙi. Sakamakon wannan hukunci aka kwashe mutum 967 daga asibitocin tsaro biyu, Dannemora da Matteawan, aka mai da su asibitocin gama-gari, da yawa kuma daga can aka sallame su gida. Dukansu an yi musu tambarin haɗari. Masu bincike biyu, Henry Steadman da Joseph Cocozza, suka bi sawunsu shekara huɗu. Kusan ɗaya cikin biyar ne aka samu ya kai wa wani hari, a asibiti ko a gari, kuma waɗanda aka mayar asibitin tsaro ba su kai 3 cikin 100 ba. Gaskiya ne yawancinsu sun manyanta a lokacin, kuma shekaru suna rage zafin kai. To amma ai shi ma wannan laifin masu tsaron ne, tunda mutum ya tsufa a hannunsu, ba wanda ya sake duba ko tambarin da aka yi masa yana saurayi har yanzu yana nan.

Abin da ya sa wannan bincike ya yi nauyi shi ne, a al'ada ba a ganin irin wannan kuskure. Idan likita ya saki mutum ya je ya yi kisa, gobe sunan likitan yana jarida. Idan ya riƙe mutum shekara ashirin alhali ba zai taɓa kowa ba, babu mai sani, domin ba a ba mutumin damar nuna hakan ba. Saboda haka duk mai yanke shawara zuciyarsa tana karkata ga kullewa. Hukuncin Baxstrom ne ya buɗe ƙofa da ƙarfi, aka ga waɗanda ke bayanta. A 1981 John Monahan ya tattara binciken da ake da shi a lokacin, ya fito da adadin nan da aka kai gaban kotu: bai wuce ɗaya cikin uku ba suke dacewa.

Kada a ɗauka jahilci ne kaɗai ya jawo haka. Akwai wani tarkon lissafi da ke kama kowa, kuma ina so mai karatu ya bi ni a hankali a nan, don shi ne ƙashin bayan maganar. Mu ƙaddara, misali kawai, mutum 1,000 za a saka, kuma 100 daga cikinsu ne za su yi ta'asa. Mu ce muna da gwani da ke dacewa sau 80 cikin 100, ko ya ce e ko ya ce a'a. Cikin mutum 100 masu haɗarin gaske zai gano 80. Madalla. Amma cikin 900 da ba ruwansu zai yi kuskure a kan kashi 20 cikin 100, wato mutum 180. Yanzu ya nuna mutum 260 da yatsa, kuma 80 ne kawai na gaske. Ƙasa da ɗaya cikin uku ke nan, daga gwani mai kyau. Idan abu ya kasance ba kasafai yake faruwa ba, sau da yawa waɗanda za a zarga a banza sukan fi masu laifin yawa. Kisa kuwa ya fi duka da mari ƙaranci nesa ba kusa ba, don haka hasashensa ya fi wuya.

Tun 1954 wani masani mai suna Paul Meehl ya nuna cewa a fannoni da yawa, jerin tambayoyi da aka auna da lissafi yana yin daidai da ƙwararre mai dogaro da ganin idonsa, ko ma ya fi shi. Ƙwararru ba su ji daɗin wannan ba. Dalilin kuwa a fili yake: mutum yana ruɗuwa da fuska, da iya magana, da hawaye, da munin laifin da ke gabansa. Wanda ya yi kisa mai tayar da tsigar jiki sau ɗaya a rayuwarsa zai fi tsorata likita a kan matashin da ya saba faɗa da sara tun yana yaro, alhali na biyun ya fi kusa da maimaitawa.

A wani asibitin tsaro da ke Penetanguishene a lardin Ontario na Kanada, masu bincike uku, Grant Harris da Marnie Rice da Vernon Quinsey, suka bi maza 618 da suka taɓa aikata manyan laifuka na kimanin shekara bakwai bayan sun samu damar fita. Kashi 31 cikin 100 suka sake ta'asa. Sai suka koma fayilolinsu suna neman abin da ya bambanta waɗanda suka sake da waɗanda ba su sake ba. A 1993 suka fito da ma'auni mai tambaya 12 da ake kira VRAG. A ciki akwai yadda mutum ya kasance a firamare, ko ya tashi gaban iyayensa biyu har shekara 16, ko ya taɓa aure, shekarunsa lokacin laifin, tarihin shan giya, ko ya taɓa karya sharaɗin saki. Akwai kuma makinsa a ma'aunin Robert Hare mai tambaya 20 da maki 40, wanda ke auna ƙeƙasar zuciya da yaudara da rashin nadama. Wani abu da ya ba mutane mamaki shi ne, cikin waɗannan mutane, masu ciwon nan da ke sa mutum jin muryoyi da ganin abin da babu sun fi sauran ƙarancin sake ta'asa. Ma'aunin rage musu maki yake yi.

Irin wannan ma'auni yana da amfani, amma a san abin da yake faɗa. Cewa yake yi: cikin mutum ɗari masu maki irin na wannan, kaza ne suka sake. Bai san ko wannan da ke zaune gabanka yana cikinsu ba. Manomi yana iya duban gabas da damina ya ce yau da wuya ba a yi ruwa ba, ya kuma yi gaskiya, amma ba zai iya ce maka gonar wane zai sauka ya tsallake ta wane ba. Akwai kuma wani rauni. Kusan duk tambayoyin a kan abin da ya wuce ne. Mutum ba zai koma ya gyara halinsa na firamare ba. Ko ya daina sha, ya riƙe magani, ya koyi sana'a, makinsa yana nan inda yake. Muna cewa hali zanen dutse, kuma binciken ya ba karin maganar rabin gaskiya, don babu abin da ke nuna ta'asar gobe kamar ta'asar jiya. Ɗaya rabin kuwa mutanen Baxstrom sun ƙaryata shi.

Wannan ya sa wasu masana a jami'ar Simon Fraser ta Kanada, ƙarƙashin Christopher Webster, suka bi hanya ta tsakiya. A 1995 suka fitar da HCR-20, aka sabunta shi a 1997 da 2013, kuma a yau yana cikin waɗanda aka fi amfani da su a asibitocin tsaro na duniya. Tambaya 20 ne. Goma a kan tarihi: ta'asar baya, zamantakewa, aiki, shaye-shaye, ciwon ƙwaƙwalwa, wahalar da aka sha a yarinta da makamantansu. Biyar a kan halin yanzu: ya yarda ba shi da lafiya? yana saƙa cutar da wani a ransa? alamomin ciwon suna nan? yana karɓar magani? Biyar kuma a kan inda za shi: wane gida zai sauka, wa zai tallafe shi, wace damuwa ke jiransa. Ba a tara maki a ce ga amsa. Mai binciken zai zauna ya rubuta labarin yadda abin zai iya faruwa idan zai faru: wa zai taɓa, da me, a wane yanayi, me zai zo kafin nan. Sannan ya rubuta abin da za a yi don kada a kai can.

A ganina nan ne fannin ya samu hankalinsa. Tambayar ko wane mugu ne ba ta da amsar da za a yi aiki da ita. Tambayar wa ke cikin haɗari a hannunsa, yaushe, kuma me zai rage shi, tana da ita.

Na ga wannan da idona, ko da yake ba takarda aka cike ba. Na raka wata 'yar'uwata wani asibitin ƙwaƙwalwa ɗauko mijinta. Kafin a kawo shi ya rotsa wa ƙaninsa kai da taɓarya. Da muka shiga ofis, ta gaishe da likita, ta gyara mayafi, ta ce, “Likita, don Allah ka gaya mini tsakaninka da Allah, zai sake?”

Ya ce, “Hajiya, gaibu sai Allah. Amma ki taimake ni da amsa. Kafin ranar nan, me kika fara gani?”

Ta yi shiru, sannan ta ce barci ne ya fara ƙaurace masa. Dare uku yana zagaya tsakar gida. Ya ce maƙwabta suna maganarsa ta bango. Ya daina cin abincin da ƙanin ya taɓa.

“Maganinsa fa?”

Ta ce ya ajiye tun wata biyu kafin nan, wai yana sa shi nauyin jiki ba ya iya fita kasuwa. Likitan ya tambayi su wa yake zama da su a majalisa, ko tana ganin fankon ƙwaya a aljihunsa in za ta yi wanki. Ta sunkuyar da kai ta ce tana gani. Ya tambaya ko ƙanin har yanzu a gidan yake kwana, ko mijin ya taɓa ɗaga mata hannu ita ko yara, wa yake jin maganarsa a dangi. Ta ce Kawu, wan mahaifiyarsa. Sai ya canza maganin zuwa allurar wata-wata, ya ce ƙanin ya koma wani wuri tukuna, a kira Kawu ya zo da su ranar dawowa asibiti. Ya ce, “Idan ya yi dare biyu bai runtsa ba, ko ya fara zargin abinci, kada ki jira ranar da na rubuta. Ki kira Kawu, ku kawo shi a ranar.” Ba ta samu e ko a'a ba, amma ta fita da abin da za ta sa wa ido da wanda za ta kira.

Ina so in tsaya a kan fankon ƙwayar nan, domin a wajenmu da zarar an ce ta'asa sai a ce mahaukaci. Wani babban bincike da gidauniyar MacArthur ta ɗauki nauyi ya bi mutum 1,136 da aka sallama daga asibitocin ƙwaƙwalwa a biranen Pittsburgh da Kansas City da Worcester, ana ziyartar su duk mako goma har shekara guda. Sakamakon da aka buga a 1998 ya nuna cewa waɗanda ba sa shaye-shaye ba su fi maƙwabtansu na unguwa da ba sa sha yawan ta'asa ba. Shaye-shaye ne ke ɗaga adadin, ga masu ciwo da marasa ciwo, sai dai ya fi yawa kuma ya fi illa ga masu ciwon. Kuma waɗanda abin ke faɗa wa yawanci 'yan gida ne da abokai, a cikin gida. Ba baƙon da ke wucewa a titi ba ne, uwa ce da mata da ƙani. Wani abin lura kuma, da bayanan 'yan sanda da asibiti kaɗai aka duba, da an ce kashi 4.5 cikin 100 ne suka yi ta'asa. Da aka tambayi su kansu marasa lafiyar da wani na kusa da su, adadin ya tashi zuwa 27.5. Wanda ya auna mutum da fayil kawai, bai ji ta bakin 'yan gida ba, bai ga komai ba.

A rikicin ma'aurata ma an yi aiki mai amfani. Wata malamar jinya a Amurka, Jacquelyn Campbell, ta tsara ma'auni tun shekarun 1980 don gane matar da ranta ke cikin haɗari. Abin da ake fara yi shi ne a ba matar kalanda ta shekarar da ta wuce, ta yi alama a ranakun da aka doke ta da tsananin kowane duka. Mata da yawa sai sun ga alamomin suna matsowa kusa da juna suke gane abin ƙaruwa yake yi. Bincikenta na 2003 a birane 11 ya nuna abubuwan da suka fi yawa a gidajen da aka kai ga kisa: miji yana da bindiga, ya taɓa yi mata barazana da makami ko ya ce zai kashe ta, ba shi da aiki, yana da tsananin sa ido da mallaka, kuma ta rabu da shi ko tana shirin rabuwa. Wani binciken na 2008 ya gano cewa matar da mijinta ya taɓa shaƙe wa wuya, haɗarin ya kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai. Ingila ta mai da shaƙewa laifi mai zaman kansa a 2022. Ina roƙon iyaye da masu unguwanni da limaman da ake kawo wa sulhu su riƙe wannan. Shaƙa sau da yawa ba ta barin tabo, don haka sai a ce ai ba a ji mata ciwo ba, ta yi haƙuri ta koma. Idan yarinya ta ce ya maƙure ta, ko ya ce in ba shi ba sai dai kabari, wannan ba ranar cewa zo mu zauna zo mu saɓa ba ce. Kuma makonnin da ke biye da yaji ko saki su ne mafi haɗari.

To, duk waɗannan ma'aunai, sun kai ina? A 2012 Seena Fazel na jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike a kan mutum 24,827 daga ƙasashe 13. Cikin waɗanda ma'aunan suka ce suna da haɗarin ta'asa, kimanin kashi 41 cikin 100 ne suka aikata. Cikin waɗanda suka ce haɗarinsu kaɗan ne, kashi 91 ba su aikata ba. Wato sun fi gwaninta wajen nuna wanda za a iya saki da kwanciyar hankali a kan wanda ya kamata a kulle. Masu binciken da kansu sun ce bai kamata a dogara da su kaɗai wajen tsarewa ko yanke hukunci ba. Birtaniya ta ɗanɗana kuɗar akasin haka. Daga 2005 ta fara ɗaure mutane ba ranar fita, sai sun gamsar da kwamiti cewa ba su da haɗari. Sama da mutum 8,000 aka yi wa wannan hukunci, wasu a kan laifin da hukuncinsa bai wuce shekara biyu ba. A 2012 aka soke dokar, amma sokewar ba ta shafi waɗanda ke ciki ba, har bayan shekara goma wasunsu suna nan. Ta yaya mutum zai tabbatar ba zai yi abu ba alhali yana kulle?

Sai kuma maganar wariya. A shari'ar Duane Buck a Texas, wani masanin halayya ya faɗa wa kotu cewa kasancewarsa baƙar fata yana ƙara yiwuwar ya sake ta'asa, aka yanke masa hukuncin kisa. Sai a 2017 Kotun Ƙoli ta ce wannan ba abin karɓa ba ne, daga baya aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. A 2016 'yan jaridar ProPublica suka binciki wata manhajar kwamfuta mai suna COMPAS da kotuna ke amfani da ita, a kan mutum sama da 7,000 a wata gunduma ta Florida. Cikin waɗanda ba su sake laifi ba, an yi wa baƙaƙe kusan kashi 45 cikin 100 tambarin haɗari, farare kuwa kusan 23. Kamfanin da ya ƙirƙiro manhajar ya musanta, ya ce maki ɗaya ma'ana ɗaya yake da ita ga kowane jinsi, kuma masana lissafi sun nuna ba za a iya cika sharuɗɗan adalcin biyu a lokaci guda ba matuƙar yawan kamun ya bambanta. Ni abin da na ɗauka shi ne, ma'aunin da aka gina da bayanan kamu yana gadon halin masu kamun. Unguwar da 'yan sanda suka fi sintiri ita za ta fi yawan masu tarihi.

A Kanada wani fursuna daga 'yan asalin ƙasar, Jeffrey Ewert, ya kai hukumar gidajen yari ƙara, yana cewa ana auna shi da ma'aunan da ba a tabbatar suna aiki a kan mutanensa ba. A 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce hukumar ta gaza sauke nauyin da doka ta ɗora mata na tabbatar da ingancin bayanan da take amfani da su.

Wannan hukunci ya shafe mu kai tsaye. Nijeriya ta yi dokar gidajen gyaran hali a 2019 wadda ta tanadi sakin talala da hukuncin da ba na ɗauri ba. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Sashe na 51 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, amma irin wannan mutum tsare shi ake yi har sai hukuma ta gamsu a sake shi. Duk waɗannan suna buƙatar wani ya auna haɗari, kuma likitocin ƙwaƙwalwar ƙasar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200. Jarabar da za ta zo ita ce a ɗauko takardar Ontario a buga a raba. Amma dubi tambayar nan ta tashi gaban iyaye biyu har shekara 16. A can, rabuwa da iyaye yawanci alamar gida ya watse ne. A nan, yaron da gwaggo ta ɗauka riƙo tun yaye, ko ɗan fari da aka bar wa kaka saboda kunya, ko wanda aka kai karatun allo wani gari, duk za a ƙara musu maki, alhali da yawansu cikin gata suka tashi. Tambayar firamare ba ta da amsa ga wanda bai shiga aji ba. Tambayar giya za ta tsallake mai shan kodin da tiramol da sholisho. Rashin aure a shekara talatin a Kano sau da yawa maganar kuɗin lefe ce da ɗaki.

Abin da za mu ɗauka daga wurinsu shi ne hanyar aikin: a ji ta bakin mutum fiye da ɗaya, a rubuta dalili, a faɗi wa ke cikin haɗari da abin da za a yi, a sa ranar da za a sake dubawa don kada tambarin bana ya bi mutum har tsufa. Alƙalin da aka miƙa wa rahoto yana da haƙƙin ya tambayi mai rahoton sau nawa ya zauna da mutumin, da wa ya yi magana a gidansu, kuma a kan waɗanne mutane aka gwada ma'aunin da ya yi amfani da shi. Adadin namu kuwa sai mun nemo shi da kanmu. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Barnawa da Dawanau da Maiduguri suna sallamar mutane kowane mako. Idan aka yi rajistar waɗanda suka yarda, aka riƙa kiran su da wani ɗan gidansu duk bayan 'yan makonni na shekara biyu ko uku, kwatankwacin abin da aka yi a Pittsburgh, za a san waɗanne alamomi ne ke aiki a gidajenmu. Kuɗin da zai ci bai wuce na ma'aikata kaɗan da littafin rajista da katin waya ba, kuma ɗaliban jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da ke neman abin da za su yi bincike a kai suna nan da yawa.